Sharhin Fim: INTERSTELLAR, Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Fim: Interstellar
Shekara: 2014
Tsara labari: Jonathan Nolan da Christopher Nolan
Shiryawa: Emma Thomas, Christopher Nolan da Lynda Obst
Ba da umarni: Christopher Nolan
Ɗaukar hoto: Hoyte van Hoytema
Kiɗa: Hans Zimmer
'Yan wasa: Matthew McConaughey, Anne Hathaway, Jessica Chastain, Michael Caine, Matt Damon da sauransu
Tsawo: Minti 169

 A wannan watan za mu ɗan jingine fina-finanmu na gida, mu leƙa Amurka mu ɗauko wani fim da ya haura shekara goma da fitowa amma har yau ana kallonsa ana musu a kansa. Abin da ya sa muka waiwaye shi, a watan Satumba na 2025 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta sanar da cewa duniyoyin da aka tabbatar suna kewaya wasu taurari sun kai 6,000. Kada ka manta ita kanta ranarmu tauraruwa ce, kusancinta ne ya sa ta cika mana ido, kuma yadda duniyarmu ke kewaya ta haka sauran taurari ke da nasu masu kewaya su. Tunda Interstellar labari ne na neman wata duniyar da ɗan Adam zai yi ƙaura zuwa cikinta, ya dace mu ɗora shi a kan sikeli, mu aza abin da masana suka gano a ɗaya gefen, mu ga inda zai rinjaya. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, sai na fasa ƙwan labarin sannan sharhin zai yiwu.

LABARIN FIM

Labarin ya faru ne a wani zamani mai zuwa da abinci ya yi ƙaranci. Wata cutar shuka ta cinye alkama, ta koma kan kuɓewa, saura masara kaɗai, ita ma ranarta tana tafe. Ƙura kuwa ba a magana, sai an kife kwanuka a kan teburi kafin lokacin cin abinci. Cooper (Matthew McConaughey) tsohon matuƙin jirgin NASA ne da ya koma noma, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, Tom da Murph.

Wata alama da ƙura ta zana a ɗakin Murph ita ta ja shi har wani ɓoyayyen sansanin NASA. A nan Farfesa Brand (Michael Caine) ya shaida masa cewa shekara 48 da suka wuce wata kafa ta buɗe a samaniya kusa da Zuhal, duniyar nan mai zobba. Kafar hanyar yanke ce, wanda ya shige ta sai ya ɓulla a wani rukunin taurari mai nisan da hankali ba ya ɗauka. An riga an tura mutum 12, kowa shi kaɗai zuwa duniya guda, kuma uku da ke yanki ɗaya sun aiko da alamar alheri: Miller, Mann da Edmunds. Shiri biyu ne a ƙasa. Na farko a kwashe mutanen duniya a kai su can. In hakan ya gagara, to a tafi da ƙwayayen haihuwa kimanin 5,000 a dasa sabuwar al'umma, a bar na gida su mutu.

Cooper ya tafi ya bar Murph tana kuka ta ƙi yi masa sallama. Tare da shi a kumbon akwai Amelia Brand (Anne Hathaway) 'yar farfesan, da Romilly da Doyle. Duniyar Miller ruwa ce zalla mai igiyoyi kamar duwatsu, a nan Doyle ya halaka, kuma 'yan awannin da suka ɓata a can sun ci musu shekara 23 na gida. Duniyar Mann ƙanƙara ce, shi kuma Dakta Mann (Matt Damon) ashe ƙarya ya shirga don a zo a cece shi. Daga ƙarshe Cooper ya faɗa cikin baƙin rami, ya samu hanyar aika wa Murph (Jessica Chastain), wadda ta girma ta zama masaniya, bayanan da ta warware lissafin da ya ceci mutane. Ita kuwa Amelia ta sauka a duniyar Edmunds, ta cire hular kwanonta ta shaƙi iska.

ABUBUWAN YABAWA

Abu na farko, an yi wa mai kallo adalci a kan batun lokaci. Tun 1915 Albert Einstein ya nuna cewa inda ƙarfin fizga ya yi yawa lokaci yana tafiya a hankali. Baƙin rami kuwa wuri ne da nauyi ya taru ya cure har haske ma in ya shiga ba ya fita. Na cikin fim ɗin, Gargantua, an ba shi nauyin rana miliyan 100, duniyar Miller kuma tana dab da bakinsa, shi ya sa awa ɗaya a can take daidai da shekara bakwai a nan. Wannan ilimi ne da ake aiki da shi kullum, domin hatta agogon taurarin ɗan Adam na GPS da wayarka ke nuna hanya da su sai an riƙa daidaita su da na ƙasa. Masanin da ya tsaya wa fim ɗin, Kip Thorne, shi ne ya ba da lissafin da aka zana ramin da shi, kuma a 2017 ya samu kyautar Nobel a kan wani aikin nasa. Fim ɗin ya ci Oscar a 2015 a fannin siddabarun hoto, kuma ya cancanta.

Gwanintar Nolan ita ce da ya mai da wannan lissafi abin da ke sosa zuciya. Fitowar da Cooper ya zauna yana kallon saƙonnin bidiyo na shekara 23, ɗansa ya yi aure, ya haihu, ya binne jariri, duk a cikin 'yan mintoci, ita ce ƙashin bayan fim ɗin. Kyamara ta tsaya cak a kan fuskar McConaughey, aka bar shi ya yi aikinsa. Duk wanda mahaifinsa ya taɓa tafiya ci-rani ya daɗe bai dawo ba, ba ya buƙatar a fassara masa wannan wuri.

Haka nan an yi ƙoƙarin amfani da zahiri. An shuka gonar masara ta gaske a Kanada, an je ƙasar Aisland an ɗauki ruwa da ƙanƙara. Galibin tsofaffin da ke ba da labarin ƙura a farkon fim mutane ne da suka ga bala'in fari da guguwar ƙura na Amurka a shekarun 1930, an ɗauko hirarsu daga fim ɗin tarihi na Ken Burns na 2012. Kiɗan Zimmer ma ya zauna, musamman ƙas-ƙas ɗin nan mai kama da agogo a duniyar ruwa, sai dai a wurare da dama ya danne maganar 'yan wasa.

YADDA AKE NEMAN DUNIYA A ZAHIRI

To mai karatu, a nan ne ni da fim ɗin muka fara raba hanya. Shi fim ɗin ya ginu ne a kan zuwa da kai ya fi aike. Masu wannan bincike na gaske kuwa ba wanda ya taɓa zuwa ko'ina, daga nesa suke karanta haske, kuma galibin duniyoyin nan 6,000 ba a taɓa ganinsu ba. Waɗanda aka ɗauki hotonsu kai tsaye ba su kai 100 ba a lokacin waccan sanarwa, su ma ɗigo ne kawai. Kyawawan hotunan nan masu teku da gajimare da kake gani a jaridu da intanet zanen masu zane ne.

Dabara ta farko ita ce lura da layin tauraruwa. In uba ya riƙe hannayen ɗansa yana juya shi, ai shi ma uban sai ya ɗan yi tangaɗi. Haka duniya ke jan tauraruwarta, kuma ana gane wannan motsi a canjin launin haskenta. Mushtari, babbar duniyar gidanmu da Turawa ke kira Jupiter, tana sa rana motsin kimanin mita 12 a daƙiƙa. Tamu duniyar kuwa santimita 9 kacal, rarrafen jariri ma ya fi shi sauri. Da wannan dabara Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan ƙasar Suwizalan, suka gano 51 Pegasi b a 1995 daga wata cibiyar kallon taurari a kudancin Faransa. Ita ce ta farko da aka samu tana kewaya tauraruwa irin ranarmu, nauyinta kusan rabin na Mushtari, shekararta kwana huɗu da 'yan awanni. Wannan ya ba su Nobel a 2019.

Dabara ta biyu ita ce jiran giftawa. In duniya ta ratsa ta gaban tauraruwarta hasken yakan ɗan ragu, kamar ƙwaro ya gifta gaban fitilar motar da ke can ƙarshen gari. Mai girman Mushtari tana rage kashi ɗaya cikin ɗari, mai girman tamu kashi 84 cikin miliyan. Na'urar hangen nesa ta Kepler da aka harba a 2009 ta ƙura wa taurari kimanin 150,000 ido na shekaru, kafin ta yi ritaya a 2018 ta bar duniyoyi sama da 2,600. A watan Afrilu na 2014, wata bakwai kafin fitowar Interstellar, aka sanar da Kepler-186f, ta farko mai kusan girman tamu da ke zaune a tazarar da ruwa zai iya kwanciya, bai daskare ba bai ƙafe ba.

Abin da ya fi shafar sharhinmu shi ne na uku. Yayin giftawar, wani ɓangare na hasken yakan ratsa ta cikin iskar da ta lulluɓe duniyar. In aka warware hasken nan zuwa launuka kamar bakan gizo, kowace irin iska tana barin tambarinta. Da haka na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ta gano iskar kabon a duniyar WASP-39 b a 2022. Tun kafin ita ma, a farkon shekarun 2000 na'urar Hubble ta shinshino sinadarin sodiyam a iskar wata duniyar. Wato lokacin da ake rubuta wannan fim dabarar ta haura shekara goma.

KURAKURAI

1. Kumbo ɗauke da manyan masana ya ɓulla ta kafar nan, duniyoyin uku suna gabansa, amma ba mu ga an saita madubin hangen nesa an duba ko ɗaya ba. Na yarda fim ɗin ya ce bayanin da ke iya ratso kafar zuwa gida ɗan kaɗan ne. To bayan sun tsallaka fa? Mutanen yau suna karanta iskar duniyar da haske ke shekaru ɗaruruwa kafin ya iso daga gare ta, su kuwa ga abu a ƙofar gida sun kasa leƙawa kafin su taka.

2. Sun san awa ɗaya a duniyar Miller shekara bakwai ce, da bakinsu suka faɗa. Miller ta bar gida shekara goma sha wani abu, ke nan a agogonta ba ta cika awa biyu da sauka ba. Wane bincike mutum zai yi a awa biyu har a dogara da shi? Sai da Doyle ya mutu shekara 23 suka salwanta sannan lissafin ya faɗo musu. Haba! Ko ɗalibin shekarar farko ai ya buga wannan a takarda kafin a kunna inji.

3. Barin duniyarmu sai da aka ɗora su a kan ƙaton roka mai hawa-hawa. Amma a duniyar Miller, wadda suka ce fizgarta ta fi tamu da kashi 30 cikin ɗari, ɗan ƙaramin jirginsu ya tashi da kansa salin-alin, har da ruwa a cikin inji.

4. Gajimaren ƙanƙara da ke tsaye a sama a duniyar Mann har jirgi ya goge shi ya ɓantare. Kip Thorne da kansa ya nuna cewa wannan wuri bai kwanta masa ba, domin ƙanƙara ba ta da ƙarfin riƙe kanta haka.

5. Zaɓen unguwar ma abin dubawa ne. Gaskiya ne duniyoyin farko da aka tabbatar a 1992, aikin Aleksander Wolszczan da Dale Frail, gawar wata tauraruwa suke kewayawa, don haka samaniya ba ta rasa abin mamaki. Amma har yau ba a tabbatar da duniya ko ɗaya da ke kewaya baƙin rami ba. An kai labarin can ne don a samu wasa da lokaci.

6. In har a ƙarshen fim mutane sun iya noman masara a rufaffen gida a sararin samaniya cutar ba ta bi su ba, me ya hana a gina irin wannan rufaffen gida a doron ƙasa, inda akwai ruwa da ƙasar noma a araha? Fim ɗin bai amsa ba.

DARASIN DAKTA MANN

Duk da haka akwai wurin da fim ɗin ya taɓo gaskiyar wannan ilimi fiye da yadda ake yaba masa, wato halin Dakta Mann. An gabatar da shi a matsayin gwarzon gwaraza. Ya sauka ya tarar da duniyarsa ba ta da amfani, ya san in ya faɗi gaskiya ba mai zuwa ɗaukarsa, sai ya danna maɓallin albishir. Matt Damon ya fito da shi a matsayin mutumin da kaɗaici ya karya, yana cutar ka yana ba ka haƙuri, kuma hakan ya fi a ce an mai da shi mugun bos na fim ɗin daga.

Laifin ai na tsarin ne da ya rataya makomar mutane a kan bakin mutum ɗaya da ba mai iya bin sawunsa. Su masana na gaske ba sai sun yi ƙarya ba, ɗokin samun abin da aka daɗe ana nema kaɗai ya isa ya sa ido ya ga abin da babu. Maganin da suka yi wa kansu shi ne kowa ya baje bayanansa a faifai wasu su sake tankaɗewa. A 2012 masana a Janeba suka sanar da wata duniya mai kusan nauyin tamu a jikin Alpha Centauri B, maƙwabciyarmu ta kusa, jaridu suka ɗauka. A 2015 wasu masana a Oxford suka sake bin lissafin suka nuna cewa yanayin yadda aka tattara bayanan ne ya haifar da alamar, aka soke ta. A watan Afrilu na 2025 ma ayarin Nikku Madhusudhan na Jami'ar Cambridge ya ce ya ga alamar wata iska a K2-18 b wadda a nan duniya ƙananan halittun teku ne ke samar da ita. Cikin 'yan makonni wasu suka sake auna bayanan suka ce hujjar ba ta yi ƙarfin da za a kafa magana a kanta ba. Da a ce NASA ɗin cikin fim tana da wannan ɗabi'a, da ƙaryar Mann ba ta ci ran Romilly ba.

KAMMALAWA

Babban saƙon Interstellar shi ne duniya ta gama yi mana amfani, mu tattara mu bar ta. Cooper ma yana yi wa noma kallon ƙasƙanci, ya fi son a ɗaga kai sama. A nan nake so mai karatu ya yi hattara, don abin da bincike ya nuna ya sha bamban.

A cikin dubban nan babu guda da aka tabbatar mutum zai iya cire hula ya shaƙi iskarta kamar yadda Amelia ta yi. Daidaituwar girma ba ta isa ba. Dubi Zara matar wata, girmanta kusan ɗaya da tamu, amma zafin doronta ya haura digiri 450. Tauraruwar TRAPPIST-1 da aka yi ta murna da duniyoyinta bakwai a 2017, da Webb ta auna ta farkonsu a 2023 sai ta nuna alamar ba ta da wata iskar kirki. Mafi kusa da mu, Proxima b da aka gano a 2016, tana jikin tauraruwa mai yawan aman wuta, kuma haske mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya isa. Kumbon Voyager 1 da ya bar gida tun 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, da can ya nufa sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Kafar yanke irin ta fim kuwa a lissafi kawai take, ba a taɓa ganin ko ɗaya ba. Marubutan sun san da wannan nisa, shi ya sa suka sa wasu suka ajiye wa Cooper ƙofa a kyauta.

Wannan bai rage darajar binciken ba. Kafin 1992 ba a tabbatar da duniya ko ɗaya a wajen gidan rana ba, yau ana auna nauyinsu da zafinsu da iskarsu daga ɗigon haske, kuma kowace aka auna tana ƙara nuna mana tsadar wadda muke takawa. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Shawarata a nemi fim ɗin a kalla, a wuri mai shiru, in da hali sau biyu, don labarin uba da 'yarsa kaɗai ya biya kuɗin kallo. Marubutanmu na gida kuma su lura da yadda aka ɗauko masani aka zaunar da shi tun daga rubutun labari, su kuma lura cewa wuraren da fim ɗin ya yi tuntuɓe su ne inda aka fifita burgewa a kan tambaya. Amma in an zo batun ƙaura, manomin da ƙura ta dame shi gara ya nemi irin da zai jure ya dasa itatuwa, don babu wata gona da aka share tana jiransa a bayan taurari.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.